Kwalbatin Gonar Baffa

Ko me zan manta a rayuwata, ban da safiyar da na tsaya a tsakiyar kwalta ina ihu kamar sabon kamu, babbar mota maƙare da mutane tana gangaro mini, ni kuwa na san da hannuna a ramin da ke jiransu. Yau ga furfura ta cika mini kai, amma in na ji ƙarar birki har yanzu sai ranar ta dawo mini.

A shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da mai ya yi wuya, takin zamani ya gagari talaka, mudun gero ya zama sai wane da wane. Na gama makarantar koyon sana'a ina zaman kashe wando, sai Allah ya haɗa ni da wasu masu bincike da suka zo gano abin da ke kashe hanyoyin karkara tun ba su tsufa ba. Suka ɗauke ni aikin wucin gadi, suka ba ni keke da sandar ƙarfe da tarin fom. Aikina shi ne in bi hanyar da ta ratsa ƙauyukanmu ta wajen Minjibir, duk kwalbatin da na tarar in sauka in leƙa, in rubuta ko ruwa na wucewa ta cikinsa ko ya toshe. Shugabanmu wani injiniya ne, dattijo, gajere, mai faɗan tsiya. Kullum maganarsa ɗaya: "Ba mota ke kashe hanya ba, ruwa ne. In ruwa ya rasa ta inda zai bi, ta ƙarƙashin kwalta zai yi wa kansa hanya."

Na yi ta aikina lafiya lau har na iso kwalbatin da ke ƙasan gangarar garinmu. Ina leƙawa na ga duhu. Ba yashi ba ne ko shara, aikin hannu ne: duwatsu a jere, buhunan ƙasa a kansu, an yaɓe da taɓo tsaf kamar za a yi rumbu. Ban tambayi kowa ba, don gonar da bakin kwalbatin ke kallo ta Baffana ce, wan mahaifina. Shi ya riƙe ni tun ina rarrafe bayan rasuwar mahaifina, shi ya riƙa sayar da gyaɗa yana kai ni makaranta. A wajenmu kuwa gona manne take da gona har bakin hanya, babu taku ɗaya da ba shi da mai shi. Waɗanda suka gina hanyar sun tattaro ruwan tudu kaf sun saki a tsakiyar gonar mutum, suka kaɗe rigunansu suka tafi.

Na same shi a gindin tsamiya yana gyaran igiyar shanunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye kafin na ce, "Baffa, kwalbatin nan na ga kamar an rufe shi."

"Ba kamar ba ne, ni na rufe," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Bara ina kake ruwa ya kwashe mini rabin gero? Wa ya zo ya ce mini sannu? In sun ga dama su zo su ɗaure ni. Kai dai rubuta abin da aka aiko ka."

Ya kamata in ce masa, Baffa, hanyar nan za ta rufta. Na san haka, an koya mini. Amma wallahi bakina ya yi nauyi. Ina ɗan da zai kalli wanda ya ciyar da shi ya ce masa ka yi kuskure, har ya kai sunansa gaban hukuma? Na koma bakin hanya na zauna, na daɗe ina juya biro, sannan na rubuta "a buɗe". Na lallashi zuciyata da cewa in damina ta wuce zan san yadda zan shawo kansa. Kai, ƙuruciya!

Damina kuwa ba ta jira ni ba. Da ta yi tsakiya aka kwana uku ana zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar da aka ɗauke, da hantsi, na hau keke na nufi wurin. Abin da na tarar ya fi abin da nake tsoro. Ta gefen tudu ruwa ya taru ya zama tafki, yana taɓa leɓen kwalta. Ta gefen gonar Baffa kuma ga wani jan ruwa yana ɓulɓulowa daga jikin hanyar, ba ta bakin kwalbati ba, yana fitowa da marmarar da aka yi ciko da ita. Saman kwalta kuwa sumul, sai wani siririn tsagi da ba kowa zai kula da shi ba. Na buga sandar ƙarfe, wurin ya amsa kamar an ƙwanƙwasa ƙwarya. Na sake bugawa da ƙarfi, sandar ta shige har rabi, ba ta taɓa komai ba a ƙasa.

Nan take na tuna ranar ce babbar motar nan ke kwasar mutanen ƙauyukanmu zuwa kasuwar Dawanau. Saboda wahalar mai ita kaɗai ta rage a hanyar, don haka ake loda mata buhuna har su wuce bodi, mutane su hau kan buhunan, mata da goyo, tsofaffi da awakin da za su sayar su sayi abinci. Direban kuma kowa ya san halinsa, da ya kama gangara sai ya kashe inji don tsimin mai, ta taho a guje ba ƙara. Na dubi rana, na san tana dab da zuwa.

Na ruga na karyo rassan darbejiya na baza a kan hanya, yadda ake yi in akwai hatsari a gaba. Ina bazawa ina sane da cewa da wuya ya yi amfani. A shekarun nan matasa marasa aikin yi sun cika hanyoyi suna zuba ƙasa a ramuka, su baza ganye, su ɗaga hannu a jefa musu ɗan wani abu. Direbobi sun gaji da su, in sun hango ganye da mai ɗaga hannu sai su ƙara wuta.

Ina cikin haka sai ga Baffa ya ɓullo ta gefen hanya da shanunsa biyu a karkiya, zai je huɗa a wata gonarsa ta kan tudu. Shanun nan su ne duk abin da ya mallaka, ya fi kula da cikinsu a kan nasa. Ranar ce na fara ɗaga masa murya tunda aka haife ni.

"Baffa, hanya ta rube! Ƙarƙashinta babu komai! Motar Dawanau na tafe!"

Ya dubi sandar da ke tsaye a cikin kwalta, ya dubi jan ruwan da ke malala. Ni kuma na juya na hango motar, ta fito daga kwana, ta karkace saboda lodi, kawunan mutane birjik a sama.

Na sheƙa da gudu na tare ta, na cire riga ina kaɗawa, ina "Tsaya! Tsaya don Allah!" Na ga fuskar direban ƙarara. Ya miƙo hannu ta taga ya yi mini daƙuwa, ya danna ham. Ko alamar rage gudu babu. Na tsaya har na ji iskarta, sannan ƙafafuna suka yanke wa kansu shawara, na faɗa cikin kwata. Ganyen nan ta bi ta kansa. Na ɗago ina salati, na riga na sallama.

Sai na ji muryar Baffa yana kora shanu. Ya ja su ya gitta su a tsakiyar hanya, tsakanin motar da ramin, ya riƙe igiyar gam, shi ma yana tsaye a gefensu. Direba yana iya raina mai ɗaga riga, amma ba ya raina shanu biyu a gabansa. Birki ya ɗauki kuka, tayoyi na hayaƙi, mata na kururuwa a sama, motar tana ta jan jiki ta ƙi tsayawa. Ta daki san da ke ta wajenta, ta tura shi gaba, karkiyar ta karye, Baffa ya wuntsila gefe. Sannan ta tsaya.

Direban ya diro da ƙarfen kwance taya a hannu yana zage-zage. "Wane mahaukacin tsoho ne wannan? Kisan kai za ka ja mini?" Na riƙo hannunsa na ja shi, bai fi taku ashirin ba, na zare sandata na daki bakin tsagin nan sau biyu. Kwalta ta buɗe a gabanmu, faifai guda ya rufta, muka ji faɗuwarsa cikin ruwa can ƙasa. Ramin zai haɗiye kan motar har da na sama. Ƙarfen ya suɓuce daga hannun direban. Wata mata da ta sauko da goyo ta leƙa sau ɗaya ta zauna daɓas a kan hanya tana kuka.

"Wane marar tsoron Allah ne ya toshe kwalbatin nan?" in ji wani fasinja.

"Ni ne," Baffa ya ce. Yana durƙushe a kan sansa, gwiwarsa na jini. San ya karye a ƙafa biyu, yana ta nishi. Ya nemi wuƙa aka miƙo masa, ya yanka shi da hannunsa kafin ya mutu mushe. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Washegari injiniya ya zo. Ya zagaya ramin, ya saurari Baffa har ya gama bai katse shi ba, ya ce lallai waɗanda suka saki ruwa a gonar mutum ba su kyauta ba, kuma zai rubuta a haƙa magudana ta bi iyakar gonaki. Sannan ya zaro fom ɗina ya nuna mini rubutuna. "Shi yunwa ta sa shi," ya ce. "Kai me ya sa ka?" Ya karɓi kekensa da sandarsa, aikina ya ƙare a nan.

Korar ba ta yi mini ciwo ba kamar abin da ya biyo baya. Sa ɗaya ba ya huɗa, dole Baffa ya sayar da wanda ya rage, ya koma duƙe da fartanya da tsufansa, yana ɗingishi. Ina taya shi noma wata rana, na daure na ce ya yafe mini, kunyarsa ce ta hana ni magana. Ya dogara da ƙotar fartanya ya dube ni.

"Ni na ɗauka ruwan zai taru ne ya ƙafe," ya ce. "Na kai ka makaranta don ka san abin da ban sani ba. Ka sani, ka yi shiru. Da ka yi mini rashin kunya ranar nan, da shanuna suna nan."

Bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah, kuma bai sake mallakar shanu ba. Ni dai abin da na koya shi ne, ba duk shiru ne ladabi ba. In ka ga babba zai faɗa rami yana jan mutane, girmamawar ita ce ka buɗe baki ka faɗa masa, ko zai mare ka.