Ƙafa Ce Za Ta Bi Takalmi

Duk wanda ya tashi a unguwar Bacongo ta birnin Brazzaville ya san Ya Prosper Bikindou, in bai san fuskarsa ba ya san takunsa. Walda ya yi duk rayuwarsa a garejin jiragen ƙasa, mako ya ƙare masa cikin baƙin mai har gwiwar hannu. Amma ranar Lahadi da yamma, in ya fito daga ɗakinsa mai rufin kwano da kwat ruwan toka da jar safa, har masu sayar da ganyen rogo sai sun daina ciniki sun kalle shi. Takalmin yana cikin jaka a hammata, sai ya tsallake taɓon layi da silifa sannan ya zauna ya sa. Ubansa kuku ne a gidan wani Bature, bai bar masa fili ba, bai bar masa ko keke ba. Buroshin goge takalmi biyu ya gada, da taurin kai.

A cikin 'yan gayun Brazzaville kowa da abin da ya tsaya a kai. Shi Ya Prosper takalmi mai igiya ne addininsa, irin matsattsen nan da leɓɓansa biyu ke haɗewa a kan doron ƙafa. Abokin hamayyarsa kuwa, Séraphin Loubaki direban tasi, bai taɓa sa komai ba sai mai maɓalli, mai ɗan bel da ƙarfe a gefe. Kusan shekara arba'in suna wannan musu a mashaya ɗaya, a tebur ɗaya.

"Mai maɓalli ai na wanda ke shirin tsallake katangar gidan wani ne," in ji Prosper.

"Mai igiya kuma kullum a durƙushe yake, kamar yaron Bature," in ji Séraphin.

Wannan ta taɓa kai su ga dambe sau ɗaya. Sai da kowa ya cire kwat ya rataye, ya cire takalmi ya ba wani ajiya, kafin su gama shiri fushin ya wuce.

Ciwon suga ne ya ci ƙafar Prosper ta hagu, aka yanke ta ƙasan gwiwa. Takalmansa suka bi kuɗin magani ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka yi ta zuwa asibiti suna masa fuskar tausayi, abin da ya fi tsana a duniya. Séraphin kaɗai ya shigo da cikakkiyar kwalliya, ya ɗaga bargo, ya dubi wurin, ya ce, "To, rabin hujjarka ta tafi." Ranar ce Prosper ya fara dariya. Amma da ya koma gida da ƙafar katako bai sake fita Lahadi ba. Ya ce ba zai bari a gan shi da silifa a tebur ɗaya da mai maɓalli ba.

Sai ga labari Séraphin ya faɗi a cikin tasinsa, ko asibiti bai kai ba ya cika.

In ɗan gayu ya mutu, 'yan'uwansa 'yan gayu ne ke shiga gaban akwatin gawa daga ƙofar gida har bakin titi inda mota ke jira. Kowa ya yi takunsa, ya ɗage wando, ya buga dunduniya, ya nuna wa mamacin takalmi a karo na ƙarshe. Wanda ya fi daɗewa da shi ne ke jan layi. Duk Bacongo ta san wannan gurbin na Prosper ne. Amma Rodrigue, matashin da ke shugabantar ƙungiyar 'yan gayu yanzu, wanda kuma ke kawo takalma daga Paris yana sayarwa a falonsa, ya aiko da saƙo cikin ladabi cewa an tanadar wa Ya Prosper kujera mai laushi a ƙarƙashin rumfa.

"Kujera," in ji Prosper. Ya dubi matarsa Adèle. "Kira mini wanda ke son injin waldan nan."

"Baban Clarisse, injin da ake ba da haya muna cin abinci?"

"Shi."

"Saboda mutumin da kuka shekara arba'in kuna zagin juna?"

"Wa zan zaga yanzu? Ke?"

Ta yi ta faɗa har ta gaji, sannan ta ɗauko kwat ruwan toka ta shanya a inuwa don warin akwati ya fita.

Da kuɗin injin a aljihu Prosper ya nufi falon Rodrigue, wanda ya karɓe shi da girmamawa, irin girmamawar nan mai sa mutum ya ji kamar an riga an binne shi. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera takalma. Prosper bai yi sauri ba. Ya ɗauki ɗaya ya sansana cikinsa ya ajiye. Ya danna fatar wani da babban yatsa ya ga tamojin bai koma ba, ya ture shi gefe. Ya kifa wani ya bi ɗinkin tafin da farce, ya ce gam ne ya riƙe shi, ɗinkin na ado ne kawai. Can ƙarshen layi ya ga nasa: baƙi wuluk, fatar maraƙi, hanci siriri, ba ado ko ɗigo, tafin fata zalla. Ya ƙwanƙwasa dunduniyar a kan tebur, ya ji sautin da yake nema.

Ƙafar dama ta shiga da cokalin takalmi, ta zauna daram. Ta katako ta ƙi. Doronta ya yi tudu, ga shi ba ta lanƙwasa, bakin takalmin kuma matsattse ne. Suka tura, suka juya, Rodrigue har da gumi.

"Ya Prosper, akwai mafita," in ji shi. Ya jawo wani mai maɓalli biyu, ruwan ƙasa. "Wannan bakinsa na buɗewa gaba ɗaya. Kuma ka ga irin na marigayi ne, sai ya zama girmamawa."

"Ƙanena, so kake ya tashi zaune a cikin akwati ya yi mini dariya?"

"To ka sa na dama kawai, mu saki wandon hagu ya rufe. Ai kana zaune babu mai lura."

"Wa ya ce maka zama zan yi?"

"Yaya, hanyar nan duk rami ce. In ka faɗi a gaban gawa, kunyar ta ƙungiya ce gaba ɗaya."

"Kana cikin zanen goyo nake taka ramukan nan. Naɗe mini duka biyun."

Daga nan bai nufi gida ba, sai rumfar Tata Nzaba kafinta. Ya zauna a benci, ya kwance ƙafar katakon, ya ɗora ta a kan teburin aiki, ya ajiye takalmin hagu kusa da ita.

"Rage ta har ta shiga."

Tata Nzaba ya juya ƙafar, ya dubi takalmin. "Ba gara a kai wa mai gyaran takalmi ya buɗa shi kaɗan ba?"

"Taɓa takalmin nan ka ga yadda ake rufe rumfa. Ƙafa ce za ta bi takalmi."

"In na ci doron nan, katakon zai yi siriri. Ba zai ɗauke ka ba, ba ruwana."

"Na ji. Ci."

Haka ya zauna da wando a naɗe yana kallon ana goga ƙafarsa da magagari, gari na zuba ƙasa, yana cewa a ƙara nan, a rage can. Da ta shiga, shi da kansa ya ja igiyar har leɓɓan suka haɗe, ya ɗaure tamau.

Ranar jana'iza layin ya cika maƙil, kwat ja da kore da ruwan ƙwai ko'ina, masu busa na busa. Rodrigue ya riga ya tsaya a gaba yana gyara hula. Sai ga Ya Prosper ya sauko daga tasi, Adèle na riƙe da jakar silifa. Ya wuce rumfa, ya wuce kujerar mai laushi ko kallonta bai yi ba, ya miƙa wa Rodrigue sandarsa.

"Riƙe mini. Ka koma baya, nan ba wurinka ba ne tukuna."

Rodrigue ya buɗe baki, ya dubi jama'a, ya dubi takalmin, ya koma baya.

Tafiyar ba irin ta da ba ce, kada a yi ƙarya. Yana jan hagun, kafaɗa na karkata, dungulmin na cizonsa har gumi ya jiƙa kwalar rigarsa. Amma kansa a sama yake, kuma sautin tafin fata a kan busasshiyar ƙasa shi ne wanda unguwa ta sani. Tsofaffin mata suka fara kiran sunansa.

A bakin titi masu ɗauke da akwati suka tsaya. Prosper ya juyo ya fuskanci Séraphin. Ya ɗage wandon dama, jar safa ta fito, ya buga dunduniya. Kowa ya zaci ya gama. Sai ya ɗage na hagu, katako ya bayyana a fili a gaban duk Bacongo, ya ɗaga ya buga da duk ƙarfinsa.

Na kusa sun ji ƙarar, ƙas, daga cikin takalmin. Katakon ya tsage. Prosper ya yi tangaɗi, Adèle ta saki jaka, Rodrigue ya taho da gudu. Ya ɗaga musu hannu. Ya taka a hankali, ya sake takawa. Ƙafar ta rabu biyu, amma fatar ta rungume ta, igiyar ta ƙi saki. Yana tsaye.

Ya matsa ya dafa murfin akwatin, yana haki, yana murmushin mugunta.

"Ka ji ko, Séraphin? Ta fashe, kuma ga ni a tsaye. Da maɓallinka ne da yanzu ina ƙasa ana mini fifita. Igiya ce ta riƙe ni. To, ce wani abu."

Ya karkata kai yana jira, yadda ya saba jira a teburinsu. Masu busa sun yi shiru. Murmushin ya daɗe a fuskarsa kafin ya gane cewa ya ci musun, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan nasarar ba.

Rodrigue ya miƙo masa sanda. Bai karɓa ba sai da motar ta sha kwana.