Warin Mai a Ɗakin Hoton Nono

Shekara goma sha ɗaya ina goge ƙasa a asibitin nan, ban ga mai riƙo kamar Yaya Doguwa ba. Ita ke kula da sabuwar na'urar da ake gwadawa don gano kansar nono. Gado ne mai rami. Mace za ta kwanta rub da ciki, nononta ya shiga wani kwano, na'urar ta aika igiyoyin lantarki da ido ba ya gani, irin na injin ɗumama abinci, amma masu rauni sosai, hoton cikin ya fito a kwamfuta. Babu matsewa, babu zafi. Abin da ta nuna, likita zai sake tabbatarwa da wani gwajin.

"Dafa ni za ki yi?" in ji wata tsohuwa.

"Haba Inna, wa zai ci wannan ƙashin? Kwanta kawai."

Ƙa'idar Yaya, kafin hoto sai ta goge fatar da auduga. A nan ta gane warin da ke jikin wasu matan. Wani baƙin mai ne da wani mai magani ke sayarwa a bayan tasha, wai yana narkar da ƙulli. Ƙanwarta, tela, ta yi wata tara tana shafawa. Da aka kawo ta asibiti, abin ya riga ya kai huhu. Ta rasu ta bar 'ya'ya biyu, Yaya ke riƙonsu.

Yaya ba ta je ta zagi mai maganin ba. Duk matar da audugar ta fito da baƙi, sai ta tambaye ta, "'Yar'uwa, ke da wa kuke saye?" Ran hutunta ta bi gida gida ta kwaso su. Ni na sha jera musu kujeru. Cikin wata huɗu mata sittin suka zo, bakwai aka samu da abin, biyar daga ciki an gano da wuri. Waɗanda aka yi wa aiki suka riƙa biyawa ta shagonsa suna ajiye masa kwalabensa a bakin ƙofa.

Ran nan sai ga shi har ɗakin jira, yana huci.

"Ke ce kike kashe mini kasuwa?"

"Ni ce."

"Me na yi miki, baiwar Allah?"

"Ka tuna tela mai tabo a goshi? Da ta ce ƙullin na girma, ka ce mata alamar zai fashe ne. Uwarmu ɗaya."

Ya juya yana neman mai tare masa. Matan da ke kan bencin duk tsofaffin masu sayen mansa ne. Wata ta cire takalmi, ni na riƙe hannunta, don ni zan goge jinin.

Bai cika wata ba ya rufe shago. Na ce mata, "To Yaya, sai ki huta."

Tana wanke kwanon, ko ɗagowa ba ta yi ba. "An ce ya buɗe wani a ƙetaren gada. Motar ƙarfe bakwai zan shiga ran Asabar. Za ki raka ni?"

Ƙafata na ciwo, amma na je.