Zaren Maris a Hannun Baƙuwa

Ɗaya ga Maris, tsohuwa Baba Stoyanka na bakin kasuwar birnin Plovdiv tana sayar da zaren ja da fari, wanda ake ɗaura wa mutum don fatan lafiya. Idonta na kan wata doguwar baƙar yarinya cikin rigar sanyin aro. Dangin ƙawar yarinyar sun zagaye ta, kowa na ɗaura mata nasa, har hannun ya koma kamar na mai karaya. Tana godiya, tana leƙa waya. Wayar shiru.

Ɗaliba ce, in ji Stoyanka a ranta, hutu ya kama ta a gidan mutane. An cika ta da abinci, an hana ta kaɗaici ko na minti ɗaya.

Yarinyar ta zame, ta matso.

"Kaka, yaushe ake cirewa?"

"Sai kin ga shamuwa sun dawo, 'yata."

"Ina suke yanzu?"

"Can wajenku, suna shan rana."

Yarinyar ta daɗe tana kallon sama. Sannan ta sayi zare ɗaya, ta sa a ambulan.

"Na wa?"

"Na mamata."

"Ita ran da ta ɗaura za ta cire, tunda shamuwar na wajenta," in ji Stoyanka. "Ke ce da jira."