Ɗakin Katako na Hanyar Gabas

Mijina direba ne. Lokacin da aka kai ni gidansa a Fagge motar wani attajiri yake tuƙawa, daga baya Allah ya hore masa ya sayi tasa, wata tsohuwar babbar mota da sojoji suka yi gwanjonta bayan yaƙi. Ba ta da bodi irin na motocin fasinja, bayanta a shimfiɗe yake kamar dandamali. Da kaka yakan loda mata buhunan gyaɗa daga ƙauyuka ya kawo tashar jirgin ƙasa, ya dawo gida yana warin fetur.

Mun daɗe Allah bai ba mu haihuwa ba. Dangi sun yi magana har sun gaji, shi kuwa bai taɓa ɗaga mini hankali a kai ba. Wata rana da la'asar yana wanke hannu da toka, sai ya ce, "Ni kam tunda babu yaran da za mu bari, me zai hana mu tafi Gabas?"

A wancan zamani masu hali ne suke hawa jirgin sama zuwa Makka. Sauran jama'a ta ƙasa suke bi, Maiduguri, ƙasar Chadi, Sudan, har bakin teku, wata da watanni a hanya. A Fagge suke yada zango, muna ganinsu a cunkushe a saman kaya, mata da tsofaffi rana tana gasa su. Na ce masa ni ba zan iya wannan ba.

Ya ce, "Wa ya ce haka zan kai ki? Ɗaki zan ɗora miki a bayan motar."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Bayan kwana kaɗan sai ga shi da kafinta.

Kafintan Ibo ne, Kirista, mazaunin Sabon Gari. Sana'arsa haɗa bodin motoci a wani shago bayan kasuwa, kuma abokin maigidana ne tun suna samari. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, sai dai idan ransa ya ɓaci takan karkace masa. Akwai wani kango a jikin gidanmu mai ƙaramar ƙofa daga tsakar gida, a nan suka kafa aiki da damina, lokacin da hanyoyi suka lalace, lodi ya yi ƙaranci. Ni kuwa ina bayan ƙofa ina jin duk abin da suke faɗa.

Abu na farko da suka daidaita shi ne ɗakin ba za a haɗe shi da motar ba, don ita ce abincinmu. Za a yi shi daban kamar akwati, a ɗora shi a kan gangunan fetur. Ranar tafiya mota ta ja da baya ta shiga ƙarƙashinsa, a ɗaure shi da manyan ƙusoshi masu noti. Daga wannan kuwa ban ƙara jin sun yarda da juna cikin sauƙi ba.

Maigida yana son katakon maɗaci don ƙarko. Kafinta ya ce, "Maɗaci? Kana so ka kai Makka ko kana so ka karya wa motar sifirin a Potiskum?" Ya kawo wani farin katako daga kudu, mara nauyi, amma gara tana sonsa kamar zuma, sai an riƙa shafa masa baƙin mai. Rufi kuwa kwano ne kaɗai zai tare ruwa, ga shi da rana yakan mai da ɗaki tanda. Suka bar tazara a ƙarƙashinsa, suka shimfiɗa asabari da tabarmar kaba. Taga babba tana kawo iska, tana kuma kawo ƙura da hannun ɓarawo. Ƙarama kuwa mutum ya dahu. Suka yi ƙanana, suna kallon juna, da ragar waya.

Inda na sa baki shi ne tsayin ɗakin. Su biyun sun yarda a yi shi gajere, wai dogon ɗaki yana rinjayar mota a yashi, yana kuma karo da rassan itatuwa. Na ji kafinta yana cewa iya wuyan mutum ya isa, ai kwanciya za a yi. Ban san lokacin da na yi gyaran murya ba.

Na ce, "Malam, a zaune zan yi ta sallah har Makka?"

 Sai kafinta ya ce, "Uwargida ta fi mu gaskiya. Jeka ka auno ta."

Maigida ya shigo da igiya yana dariya, ya tsayar da ni jikin bango, ya auna, ya ƙara taƙi ɗaya saboda ɗankwali. Shi dogo ne, ya fi ni nesa. Na ce to kai fa? Ya ce shi ƙasar Allah da faɗi, a waje zai yi tasa.

Wannan ƙarin tsayin sai da na biya shi. Maigida ya ce nauyin da ya hau sama dole a rage shi a wani wurin, kuma ruwa da fetur ba sa raguwa. Gangunansu a ƙasa za su zauna, can gaba daf da kan motar. Ga tayoyin ko-ta-kwana, ga wasu dogayen ƙarafa masu huda-huda da ake shimfiɗa wa taya idan ta kafe a yashi. Gadona na ƙarfe aka ce ba zai hau ba. Turmina ma haka, aka ce a nemi ƙarami. A kan tasoshina na jere muka yi kwana biyu ba ma dariya da juna, daga baya na zaɓi kaɗan. Wuta kuwa ya ce ko fitilar aci-balbal ba za a kunna a ciki ba, girki a ƙasa, nesa da mota.

Ƙofa a gefe aka yi ta, don ta baya ita ke shan ƙurar taya. Shimfiɗata tana gaba, inda mota ba ta cika jijjiga ba. Tasa tana can ƙarshe, wani dogon benci ne a kan akwatin kayan gyara, wurin da ya fi ko'ina girgiza. Ya ce ai ba ya kwanciya sai mota ta tsaya. Kafinta ya huda wata 'yar taga tsakanin ɗakin da mazaunin direba, don in ina da magana in ƙwanƙwasa.

Idan suka tashi aiki nakan shiga in share garin katako, in zauna. Ƙamshin sabon katako da baƙin mai har yau in na ji shi sai na nemi wurin zama.

Da ruwa ya ɗauke suka ce a gwada. Aka ɗora ɗakin, muka ɗauki hanyar Wudil da hantsi, ni da matar kafinta a ciki, mazan a gaba. Ita mace ce mai jiki, mai yawan dariya, tana sayar da garin rogo da manja a kasuwar Sabon Gari. Ba mu fita gari sosai ba tasoshin nan suka zubo mana a ka. Ta rungume tukunya, na rungume buta, muna ta salati kowa da irin nata. Na ƙwanƙwasa tagar nan na ce a rage gudu. Maigida ya juyo da ido ɗaya ya ce, "Hajiya, ai ko Gaya ba mu kai ba!" Ranar ya fara kirana Hajiya.

Muka tsaya kusa da kogi a gindin wata tsamiya. Na yi azahar a tsaye a cikin ɗakin, kaina bai taɓa rufi ba. Muka dafa shinkafa a ƙasa, mazan suna zagaya mota suna gardamar inda za a sa katanga a kantar kwanuka. Iyakar tafiyar da na yi a cikinsa ke nan.

An sa ranar tashi bayan an kwashe gyaɗar farko. Kafin ranar ta zo na fara kasala da ƙin warin fetur. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta dube ni ta ce ciki ne. Ban yarda ba sai da wata ya sake wucewa. Da na gaya wa maigida, ya zauna a bakin rijiya ya rufe fuska da hula, ya daɗe bai buɗe ba. Sannan ya ce ba za a kai wannan cikin cikin ramukan hanyar Chadi ba. Makka tana nan. In an yaye, mu tafi mu uku, kafinta ya ƙara ɗan gado. Aka sauke ɗakin a kan gangunansa, mota ta koma lodi.

Da bazara sanƙarau ya shigo unguwa. Maigida ya dawo daga Nguru yana cewa kansa, washegari wuyansa ya ƙi juyawa. Yayansa da kafinta suka kai shi asibiti a bayan motar tasa, a kan tabarma, rana tana dukansa, ɗakin kuwa yana kango babu lokacin ɗora shi. Bai dawo ba. Ban gan shi ba sai da aka shigo da shi don in yi masa addu'a.

Na haihu da farkon damina, mace. Tana da dogayen yatsunsa.

Da aka zo rabon gado, yayansa ya shigo ya zauna nesa da ni, ya ce, "Ki yi haƙuri, motar dole a sayar, akwai hakkin marainiya da na mahaifiyarmu a ciki." Na ce na sani, Yaya. Wanda ya saye ta lodi zai yi, ba ruwansa da ɗaki, sai aka bar mini shi a cikin rabona. Ya yi damina guda a kango, kaji suna fakewa a ƙarƙashinsa. Ban iya shiga ba. Lokaci-lokaci nakan ji motsi, in leƙa in ga kafinta da gwangwanin baƙin mai yana shafa wa katakon. Ba ya sallama, ba ya neman kowa, in ya gama ya tafi.

Da kaka ta zagayo wani dattijo ɗan kasuwa daga Gwanja ya sauka a Fagge da motarsa da matarsa, za su Gabas. Mai masaukinsu ya ba su labarin ɗakin, aka aiko. Na ce ba na sayarwa ba ne. Aka sake aikowa, na ce a ƙyale ni.

Sai matar ta zo da kanta. Tsohuwa ce doguwa, tana jan ƙafa ɗaya da sanda, Hausarta irin ta mutanen da suka daɗe da barin gida. Ba ta yi maganar ciniki ba. Ta yi mini gaisuwa, ta karɓi jaririyar ta yi mata wasa, sannan ta ce, "'Yata, ko ba za ki bayar ba, nuna mini in gani. Tun daga Kumasi a kan buhuna nake zaune."

Na buɗe ƙofar kangon. Na riƙe ta ta hau. Tana shiga kanta ya bugi rufi, ta sunkuya. Na ji wani abu kamar daɗi, na ce, "Kin gani, Inna, bai yi miki ba. Daidai tsayina aka yi shi, don sallah."

Ta zauna a kan shimfiɗata ta miƙe ƙafar nan, ta ce, "Ni ai na daɗe a zaune nake yi." Ta shafa bangon, ta duba tagogin, ta buɗe 'yar tagar direba ta rufe. Ta ce, "Wanda ya yi miki wannan yana sonki."

Na fita na bar ta a ciki. Daga baya na aika wa Yaya cewa a ba su, kuma kada a karɓi komai, su dai yi masa addu'a in sun isa.

Motarsu ta fi tamu gajarta. Kafinta ya auna, ya sake aunawa, ya zo bakin ƙofa ya ce, "Uwargida, sai an yanke baya. In ya zarce tayoyi zai ɗaga mata kai a hawa." Na san abin da ke bayan. Na ce ya yanke.

Ya cire akwatin kayan gyara, ya ɓamɓare bencin, ya sa zarto. Ina tsaye da goyo ina kallo ta ƙofa. Ya kai rabi sai zarton ya tsaya. Ya jingina goshinsa da katakon, kafaɗunsa suna rawa, yana wata magana da harshensu.  Dattijon nan ya kau da kai yana jan carbi. Da ya huce ya share fuska da gefen riga ya ƙarasa, ya mayar da bangon baya, ya buga ƙusa.

Suka tashi washegari bayan hantsi. Tsohuwar ta sa aka tsaya a ƙofar gida ta yi mana addu'a ta taga. Ban sake jin labarinsu ba, ban san ko sun isa ba.

Matar kafinta ta rufe rumfarta ranar, ta zo ta wuni da ni. Ta kawo doya da manja, ta hura wuta da kanta, ta karɓi yarinyar ta goya. Na ce mata ba na jin yunwa. Ta ajiye kwanon a gabana ta ce, "Ke ba ki ji, ita tana ji. Ci."

Na ci. Bayan mako guda kawuna ya zo da amalanke, aka kwashe kayana zuwa gidan iyayena a Kwaciri.