Yadda Na Fanshi Littafin Malam Sidi da Murhun Gawayi

Maiduguri zuwa Kano

Ana kiran assalatu na fita daga gida da jaka ɗaya. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Rabi ce ke rubuta wannan, kuma na ce mata abin da na faɗa kawai za ta sa.

Ga abin da ya kai ni Sudan. Da mijina ya rasu, 'yan'uwansa suka ce ba ni da komai a gidan. Maƙwabcinmu Malam Sidi ya ɗauko wani ɗan littafi mai koren bango, da hoton ma'auni a gaba, ya karanta mini rabona da na 'ya'yana. Littafin shari'a ne na Larabci, tambaya da amsa, wanda aka rubuta don talaka ya gane, ba irin na alƙalai ba. A Umdurman ya saye shi yana saurayi, a hanyarsa ta dawowa daga Makka a ƙasa. Ya ba ni aro, na tsaya gaban alƙali da shi a hannu, na samu haƙƙina. Yana wurina ranar da 'yan bindiga suka shigo garinmu na bakin tafki. Na tsallake ruwa da yara biyu. Littafin bai tsallake ba. A Maiduguri muka sauka, mu da su Malam.

Malam bai taɓa tambayata ba. Ni ce ban manta ba. Tun daga lokacin, duk inda na ji ana sayar da tsofaffin littattafan shari'a na talakawa sai na je. Ban samu irin nasa ba, amma na tara wasu har sun cika akwatin ƙarfe: na gado, na haya, na gona, na shaida, wasu da Hausa, wasu da Larabci, wasu da Turanci. Ba na karanta ko ɗaya. Matan unguwa kan zo da 'ya'yansu a karanta musu a tsakar gidana.

Sai idon Malam ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Na ga in ban je yanzu ba, ba wanda zan miƙa wa. Wannan kafin yaƙi ya tashi a Khartum ne.

Da na je sallama ya ce, "Gambo, bar wahalar nan."

Na ce, "Malam, faɗa mini abin da zan tambaya."

Ya ce, "Ƙanun. Shi ne doka da Larabci. Ki ce a kai ki wurin masu ƙanun a kasuwar Umdurman."

Mota ta tashi ƙarfe shida. Daga Maiduguri zuwa Damaturu shinge bayan shinge, a sauka, a taka, a hau. A Potiskum na ci shinkafa da wake a tsaye. Muka shiga Kano da magariba, na kwana gidan ƙanwata a Fagge. Washegari jirgi.

Khartum zuwa Mayo

Na ɗauka na san zafi. Da na fito daga jirgi na gane ban sani ba.

Asha ce ta tarye ni, jikar wani abokin Malam da suka tafi Makka tare, shi ya tsaya a Sudan bai koma gida ba. Soyayyar gyaɗa take sayarwa. Ta dafa kafaɗata, na dafa tata, haka suke gaisawa.

"Hala Gambo, hamdilla ala salama! Yaya mutanen balad?"

Hausarta irin ta kakanninmu ce, an cusa mata Larabci a tsakiya. Hala ita ce inna, balad kuma gida. Sauran na riƙa kamawa a hanya.

Muka hau hafla, ƙaramar bas ɗinsu. Kwandasta, kumsari suke ce masa, ba ya ihu. Yatsa yake ƙyastawa ka ba shi kuɗi, kai ma in za ka sauka sai ka ƙyasta. Unguwarsu Mayo tana can kudu, gidajen ƙasa, ruwa a amalanken jaki. Aka ba ni kisra, wata siririyar wainar dawa mai tsami, da miyar busasshiyar kuɓewa. Na ci na ƙoshi. Gadon igiya a tsakar gida, na yi barci.

Na gaya wa Asha littafin shari'a nake nema. Ta ce, "Ki jira Juma'a in raka ki, Hala. Umdurman ba Mayo ba ce."

Na ce, "Malam ba shi da kwanakin jira."

Ta ga ba zan lanƙwasu ba, ta koya mini kalma biyu: suk, kasuwa, gadim, tsoho. Ta uku ina da ita daga gida.

Umdurman

Laraba da hantsi na hau hafla zuwa tsakiyar Khartum, na canja wata, muka haye gadar Nilu. Ruwan yana da faɗi. Ban leƙa ba, na ga ruwa ya ishe ni.

A tasha na tare raksha, irin keken nan namu mai ƙafa uku. Na ce da direban, "Suk. Ƙanun. Gadim."

Ya ce, "Kanun? Hadir, ya hajja."

Na ji daɗi, na ce ashe Larabcin ba wuya. Ya kutsa da ni lungu-lungu, ya wuce masu turare, ya wuce masu takalma, ya ajiye ni a wani layi da ba ka jin komai sai bugun guduma. Na ɗauka masu littafin suna daga ciki.

Na tsaya gaban wata rumfa na ce, "Ƙanun." Wani ƙato ya miƙo mini murhun gawayi na ƙarfe, mai kusurwa huɗu. Na girgiza kai na ce, "Gadim." Ya dube ni, ya shiga ciki, ya fito da wani mai tsatsa, gindinsa a huje. Na haɗa tafin hannuna na buɗe, yadda ake buɗe littafi. Ya ce, "Aha!" Ya kinkimo wani mai faɗi, irin na gidan biki. Kafin in ankara murhu ya kewaye ni.

Na ce da ƙarfi, "Kai, Allah ya shirye ku! Ni tuwo na ce muku zan tuƙa?"

Daga can ciki wata murya ta ce, "Wa ke yi wa mutanena faɗa da Hausar Barno?"

Wani tsoho ne ya fito, hannunsa baƙi ƙirin, rawaninsa fari fat. Usta Haruna, shugaban rumfar. Usta suke ce wa gwanin sana'a. A nan aka haife shi, ubansa Bakatsine ne. Na gaya masa abin da nake nema da abin da na faɗa. Ya zauna a kan turmi ya yi dariya har da hawaye, ya fassara wa 'yan layin, su ma suka kama.

"Hajja, wannan harafin da kuke cewa ƙa, a nan ga muke ce masa. Doka, ganun. Abin da suka ji kin faɗa, kanun, ga shi nan a gabanki, iri-iri."

Na ce, "Malamina ba ya kuskuren Larabci."

"Bai yi kuskure ba. Nasa na allo ne. Nan kasuwa ce."

Ban saba tayar da mai sana'a in tafi hannu wofi ba. Na zaɓi sabo ɗaya madaidaici na biya, aka ɗaura masa igiya.

Usta ya ce, "Tun daga Najeriya don murhu. Gawayin fa, a auno?"

Na ce, "Namu ya fi naku."

Ya ba ni gahawa mai citta, sannan ya wanke hannu ya raka ni da ƙafa zuwa wurin masu littafi. Wani dattijo ne mai tabarau a ƙarƙashin baranda, littattafai jibge har bango. Usta na fassara, na kwatanta: girman tafin hannu, koren bango, ma'auni a gaba, a ciki akwai shafi mai zanen akwatuna na rabon gado.

Dattijon ya gyaɗa kai tun ban gama ba. Ya ce ya san shi. Irinsu ake sayar wa mutane a ƙofar kotu a da. An canja doka an sake canjawa, lauya ba ya so, ɗalibi ba ya so. Yana da ɗauri guda da ya daɗe yana tare masa wuri. Watan da ya wuce ya haɗa da tsofaffin jaridu ya sayar a kan sikeli.

Na ce, "Wa?"

Ya ce wani mai kai wa masu shayi takarda ne, a wajen asibitin Soba. Da ita suke hura wuta.

Usta bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Hajja, ashe ba ki ɓata ba. Ganun ɗin naki cikin kanun yake shiga."

Na sayi wasu ƙanana biyu a wurin dattijon, na haya da na shaida, tunda na zo. Na ci ful, waken nan nasu da man riɗi, na rataya murhuna na koma Mayo.

Soba

Da sassafe na ga Asha ta yafa mayafinta, farantin gyaɗa yana kife.

Na ce, "Yau Alhamis, ba Juma'a ba."

Ta ce, "Ke kika ce ba kwanakin jira. Kullum da safe suke hura wuta, Hala."

Na ɗauki murhun. Ta ce, "Wannan kuma fa? Za ki yi ta yawo da kanun kamar mai kai kayan amarya?"

Na ce, "Wadda zan raba da abin hura wutarta, sai in ba ta abin wuta."

Hafla biyu muka hau. Soba tana gabas da mu, kusa da ɗaya reshen Nilu, gonaki a gefe, sababbin gidaje a gefe. A wajen asibitin mata masu shayi sun jeru a inuwar dogon yaro, kowacce da kanun ɗinta, da kwalaben citta da kanumfari, da buhun takarda a ƙarƙashin kujera.

Ba a buɗe wa mace buhunta ba a sha shayinta ba. Muka zauna wurin ta farko, muka sha, Asha ta yi bayani, aka buɗe: jarida. Ta gaba, littattafan makaranta. Ta gaba, takardun ofis. Na sha shayi har na ji yana motsi a cikina in na taka. Asha ta ce, "Wallahi, Hala, in muka ƙara ɗaya sai a kwantar da mu a ciki."

A ƙarshen layin akwai wata siririyar mace, Nafisa, murhunta ya ɓalle ƙafa ɗaya, ta tokare shi da bulo. Gawayinta ya yi sanyi, tana shirin tayar da shi. Ta sa hannu ƙarƙashin kujera ta yago takarda. Na ga akwatuna a jiki.

Na san akwatunan nan. Su Malam ya bi da yatsa ya nuna mini tumunina.

Ban yi sallama ba. Na cafke wuyan hannunta.

Ta zabura ta ce, "Malik, ya hajja?" Wato me ya same ni. Maza biyu da ke shan shayi suka miƙe. Asha ta shiga tsakani da Larabci, tana yi tana nuna ni, tana nuna yamma. Ban saki hannun ba sai da Nafisa ta buɗe yatsunta da kanta.

Ta jawo littafin daga ƙarƙashin kujera. Koren bango, ma'auni a gaba. Ganyen farko sun tafi, sauran suna nan. Ta ce ɗauri guda aka kawo mata, kuma ta fi son su da jarida, tsohuwar takarda ta fi saurin kamawa. Wannan ne na ƙarshe.

Ta miƙo mini ta ce in ɗauka, takarda ce kawai. Na ajiye sabon murhu a gabanta. Ta ce a'a, ba za ta karɓi ƙarfe a kan takarda ba.

Na ce da Asha, "Gaya mata daga Umdurman na ɗauko shi, igiyar ta cinye mini kafaɗa. Ba zan mayar ba."

Nafisa ta dubi bulon da ke ƙarƙashin nata, ta dube ni. Sai ta kwashe gawayin ta zuba a sabon, ta hura da jarida, ta ɗora buta. Dole muka ƙara kofi ɗaya. Ba a kwantar da mu ba.

Gida

Jirgi ya sauke ni Kano, na kwana Fagge, na kama motar asuba. Shingayen suna nan inda na bar su. La'asar sakaliya muka shiga Maiduguri. Ban biya gidana ba.

Malam yana kwance a zaure. Na gaishe shi, na sa masa littafin a hannu. Ya shafa bangon, ya shafa gefen, ya kai hanci.

Ya ce, "Ƙaurin gawayi."

Na ce, "A bakin wuta na ƙwace shi."

"Kin samu masu ƙanun ɗin?"

"Na same su, Malam. Maƙera ne."

Na ba shi labari. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka kawo ruwa. Da ya huta na gaya masa ganyen farko babu. Ya ce, "Waɗannan ai su na fi sani. Kira Rabi."

Rabi ta yi Islamiyya. Kwanaki tana zuwa bayan azahar, yana faɗa tana rubutawa, tambaya da amsa. Da suka gama na ɗauki allura da zare na ɗinke su a gaba, na mayar da shafin akwatunan wurinsa.

Ya riƙe shi a ƙirji ya ce, "Gambo, aro na ba ki, kin mayar. Yanzu sa shi a akwatinki, inda mata za su same shi."

Na ce, "Ya zauna wurinka tukuna."

Ya zauna ƙarƙashin matashinsa har damina, lokacin da Allah ya karɓi abinsa. Yanzu yana saman akwatin, kuma shi aka fi tambaya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya sa na tarar da Malam da rai. Na gode wa Asha, wadda na ji tana Gadarif da 'ya'yanta. Usta Haruna da Nafisa ban ji labarinsu ba tun da yaƙi ya tashi. Allah ya tsare su inda suke. In kuma wani ya bi ta Soba ya ga siririyar mace tana dafa shayi a murhu mai ƙafa huɗu cif, ya gaya mata littafin ya isa hannun mai shi.