Yatsun Baba Sale

Ƙarfe takwas daidai na safiyar Litinin na fara ganin Baba Sale, mai kula da ɗakin gwaji na makarantarmu ta koyon aikin lafiya da ke hanyar Bukuru. Waɗanda ke wurin: ni, da Ngozi, da sauran sababbin ɗalibai, da ƙwarangwal ɗin roba a kusurwa sanye da rigar sanyi.

Ku da kuka san shi kun san ba ya musafaha irin ta mutane. Ka miƙa masa hannu, sai ya cafke wuyan hannun, ya ɗora yatsu a kan jijiya, ya ƙura wa agogo ido. Da ya riƙe nawa ya ce, "Kai Habibu, zuciyarka gudu take kamar ɗan acaɓa. Me kake tsoro?"

Na ce, "Jini, Baba."

Ko yankan kaza ba na iya kallo. Dokar makaranta kuwa a fili take: wanda bai soki yatsa ya gwada rukunin jini da hannunsa ranar jarrabawa ba, gida zai koma.

Bari in bi abin daki-daki. Rigar ƙwarangwal, Baba ne ya sayo ta a gwanjon kasuwar Terminus. Ngozi ta ce, "Oga, wannan abu ba ya jin sanyi fa."

Ya ce, "Kin tambaye shi? Bawan Allah ba tsoka ba kitse, a garin Jos?"

Kafin mu taɓa haƙarƙari ɗaya sai mun ce, "Gafara dai, Alhaji," sannan a tuɓe masa.

Sai darasin zuciya. Sammako yake yi mahauta ya sayo zukatan raguna, mu yanka da sabuwar reza a farantin da ya wanke da kansa. Ana tashi, sai ka ji risho na ci a bayan ɗaki. Farfesu! Amma ba mai kai loma baki sai ya faɗi sunan abin da ke cikin cokalinsa.

"Ngozi, wannan wane sashe ne?"

"Oga, ya dahu, ban gane shi ba."

"To ajiye." Ya ɗauka ya cinye.

Yanzu ga nawa labarin. Sau biyu ina suma a darasin jini. Saura mako guda jarrabawa, ya tsare ni bayan azahar, ya goge yatsansa da auduga, ya miƙo min 'yar allura.

"Soka."

"Baba, ba zan iya ba."

"Jininka ne ko nawa? Mai abu bai yi kuka ba, ɗan aro na yi?"

Na rintse ido na kai suka. Ashe babban yatsana na samu. Baba ya yi tsalle ya ce, "Madalla, jini ya samu! Kawo gilashi kafin ya bushe, ba a asara a ɗakin nan." Haushi ya hana ni suma. A tsaye na gama gwajin.

Daga ranar kullum sai ya ba ni yatsa ɗaya. A nan na lura kan yatsunsa sun yi kanta kamar na makaɗin garaya. Ba ni ne matsoracin farko ba.

Ranar jarrabawa ya tsaya a bayana da bokitin ruwa. Malama mai jarrabawa ta ce, "Baba, wannan fa?"

"Ko da za a buƙata, ranki ya daɗe."

Na soka, na ɗiga, na gauraya, na faɗi rukuni, ban suma ba. Ya leƙa bokitin cikin takaici ya ce, "Ka sa na ɗebo ruwa a banza."

Da wannan aikin nake ciyar da iyalina yau a wani ƙaramin asibiti a Dilimi. Baba ya rasu bara, ban taɓa jin ya ambaci zancen yatsun ga kowa ba.

Allah Ya jiƙan Baba Sale, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya saka masa da Aljanna. Ku kuma da kuka koyi suka a yatsunsa, na san muna da yawa, ina roƙonku kada ku kwanta yau sai kun yi masa addu'a.