Almakashin Koci Ruckman

A wani ƙaramin gari a jihar Indiyana ta Amurka, inda yaro kan iya jefa ƙwallon kwando tun kafin ya iya ɗaure takalmi, nan Delbert Ruckman ya tsufa yana horar da 'yan wasan kwalejin garin. Ranar da aka ba shi aikin, matarsa Wanda ta saya masa almakashi. Ai kowa ya san al'ada: waɗanda suka ci kofi sukan hau tsani su yanke ragar kwando zare-zare, koci ya yanke na ƙarshe ya rataya ragar a wuya. Delbert ya yi furfura, almakashin nan bai taɓa raga ba.

Abin da ke cin ransa kuwa Orville Tate ne. Shi ya ɗauko Orville daga gonar masara, ya koya masa komai, ya mai da shi mataimakinsa. Sai kwalejin ƙetaren kogi ta ɗauke shi, ya shiga kwasar kofuna kamar wasa.

"Dabaruna ne fa, Wanda! Har yadda yake busa usur, nawa ne!"

"Ci gurasar masararka, tsoho. Hassada ga mai rabo taki ce."

Shekarar da zai yi ritaya, ƙungiyarsa ta kai wasan ƙarshe, a filinsa, kuma da yaran Orville. Delbert ya goge almakashi ya sa a aljihun kwat. Ana dab da tashi, yaran Delbert na gaba da maki ɗaya, wani zanƙalelen yaron Orville ya sulale ta bayan kwando ya jefa ƙwallo, ta faɗa raga, maki biyu, baƙin suka ci kofi. Kaico! Dabarar Delbert ce, da bakinsa ya koyar da ita.

Aka kawo tsani, sai aka shiga dube-dube. Ashe baƙin sun manto almakashinsu a gida. Orville ya matso yana murza hula.

"Koci, na san yana jikinka. Don Allah ara mini."

Hassada ta turnuƙe Delbert. Ya so ya ce ya ɓata. Amma duk garin sun zuba masa ido, har Wanda. Ya zaro ya miƙa.

"Yana da kaifi kuwa?" in ji Orville.

"Sabo ne fil," in ji Delbert. "Ba a taɓa yanka komai da shi ba."